Mutumin da Ya Toshe Rariyar Maƙwabcinsa

An yi wani mutum a garin Batsari wanda katangar gidansa ta rufta a kan sabon falonsa ranar wata Juma'a, a tsakiyar damina, lokacin da maza ke masallaci. Ba a rasa rai ba, ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Amma gidan da ya sayar da gonar gadonsa ya gyara bai sake kwanuwa ba. Kuma ba ambaliya ce ta rushe shi ba. Ruwan gida ɗaya ne, gidan maƙwabcinsa.

Ya 'yan uwa, ga yadda abin ya faru.

Mutumin ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukumar Safana. Kullum da safe yakan hau babur ya tafi aiki, ya dawo Batsari kafin magariba. Ba mashayi ba ne, ba ɗan caca ba ne. Yana sallah a sahun gaba, yana gaida manya. Ba za a ambaci sunansa ba, domin yana raye, kuma ƙofar tuba a buɗe take.

Gidan na mahaifinsa ne, ginin ƙasa. Katanga ɗaya ce ta raba shi da gidan wani dattijo manomi, Baba Sammani, wanda gidansa ya ɗan fi tudu. A gindin katangar akwai rariya, ramin da bai fi faɗin tafi biyu ba. Idan aka yi ruwa, na gidan Baba Sammani ya bi ta nan, ya ratsa tsakar gidan mutumin, ya fita lungu. Iyayensu ne suka bar ta haka tun ranar da aka ɗora katangar. Babu wanda ya taɓa yin magana a kanta, domin babu wanda ta taɓa dama.

Da mahaifin ya rasu gidan ya zama nasa, sai ya ƙudura gyara shi. Ya sayar da gonar gadonsa da ke bakin gari, a lokacin da gonakin bakin gari suka fi kowaɗanne daraja, tunda na wajen dajin Ruma ba sa nomuwa cikin kwanciyar hankali.

Gyaran gida ba laifi ba ne. Wanda Allah ya hore wa, ya kyautata mazaunin iyalinsa, lada zai samu. Laifin ya shigo ne ta wani wuri ƙarami.

Ya ɗauko wani magini mai suna Mannir. Aka tayar da falo da bulo ta ɓangare uku. Na huɗun sai aka bar tsohuwar katangar ta zama bayan falon, domin a rage aiki. Aka shafe ta da siminti ta fuskarsa kawai, aka yi fenti, aka ɗora mata katakon rufi. Aka haɗe rufin falon da na sauran ɗakuna, kwano ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Rariya kuwa ta faɗo cikin falon, daidai inda za a jera kujeru.

"Yallaɓai, wannan ramin fa?" in ji Mannir. "A binne masa bututu ta ƙarƙashi, ko a rufe?"

"Kashin awaki ya riƙa bi ta ƙarƙashin falona? Rufe shi."

"An gama, yallaɓai. Ni siminti ba ya yi mini gardama."

Rabin bulo ne ya rufe ta. Ba a aika an gaya wa Baba Sammani ba. Kajin matarsa Inna Indo ne suka fara sanar da shi, domin sun saba bi ta rariyar su je kiwo, ran nan suka je suka tarar a toshe suka dawo.

Bayan la'asar dattijon ya yi sallama. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da hanyar Safana. Ya ɗaga kai ya dubi silin, ya dubi tayil.

"Ma sha Allah, ɗan nan, gida ya yi kyau. Da mahaifinka zai dawo, sai ya tsaya a ƙofa ya tambaya ko nan ne. Sai dai na ga an rufe mana hanyar ruwa."

"Baba, zamani ne. Yanzu kowa shi yake nema wa ruwan gidansa hanya."

"Ruwan gidana? Ni ban saya ba, ban aika a kawo mini ba. Bayana gidan Daudu ne, ya fi ni tudu. Gabana zaure ne, shi ma ya fi tsakar gida tudu. Ko in ɗora a ka in kai kasuwa?"

Mutumin ya yi dariya, ya raka shi har ƙofa. "Za a duba, Baba."

Ba a duba ba. Mai unguwa ya yi masa magana, ya ce za a duba. Matar mutumin, Mardiya, ta ce, "Maigida, Inna Indo ce fa ta yi mini wankan jegon yaran nan duka." Ya ce, "Ai ban hana ki gaishe ta ba."

Damina ta faɗi. Ruwa ya fara kwana a tsakar gidan Baba Sammani. Aka mayar da awaki zaure, aka ɗora buhunan gero a kan duwatsu. Duk ranar da aka yi ruwa, Inna Indo ta ɗauki bokiti tana kwasa tana kaiwa waje, tana mace mai ciwon gwiwa. Baba Sammani bai kai ƙara ko'ina ba. Idan sun haɗu a masallaci shi yake fara miƙa hannu.

A ɗaya ɓangaren kuwa, mutumin bai taɓa jin daɗin damina irin wannan ba. Tsakar gidansa babu taɓo. Abokan aiki suna zuwa daga Safana ranar hutu, a sha shayi a falo, a yaba fenti. Yara suna birgima a kan kafet. Yakan jingina da bangon nan yana sauraren ruwa a kan kwano, ransa fari ƙal.

Ya 'yan uwa, katangar ƙasa tana shan ruwa, idan rana ta fito ta fitar da shi. Haka take shekara da shekaru a tsaye. Wannan kuwa an liƙe mata fuska ɗaya da siminti, ɗaya fuskar tana tsaye cikin ruwa, ga nauyin rufi a kanta. Tana sha ba ta fitarwa. Ta ina zai gani, tunda fuskar da yake kallo a bushe take?

Duk da haka an nuna masa. Fenti ya fara kumbura a gindin bango, ya matsar da kujera ya rufe wurin. Ƙofar falo ta fara cijewa, ya kira kafinta ya fere ta. Sau nawa muke yin haka da zunubanmu? Alama ta fito, maimakon mu nemi tushenta sai mu nemi abin da za mu jingina a kanta.

Ranar Juma'ar an tashi da marka tun safe. Mutumin ya saka farar riga ya tafi masallaci. Mardiya tana falo da yara, sai ta ji ƙarar bokitin Inna Indo ta bayan bango. Mijinta bai taɓa ce mata ta je ba, bai kuma taɓa ce mata kada ta je ba. Ta ce wa yaran, "Ku tashi, kowa ya ɗauki bokiti, mu je mu taya kakarku."

Suna cikin kwasa katangar ta tafi. Ta faɗa cikin falon, ta ja rufin, rufin ya ja bangon sauran ɗakuna suka tsage. Ruwan da ya taru ya bi ta kan kafet, ya ratsa tsakar gida, ya fita lungu ta inda ya saba fita tun zamanin iyayensu. Kafin a sallame sallah, tsakar gidan Baba Sammani ta tsane.

Tare shi da Baba Sammani suka shigo lungun daga masallaci. Mutumin ya tsaya yana kallon baraguzan. Baba Sammani ne ya yi magana.

"Ina yaran?"

Aka ce ga su can a gidansa, da bokitai a hannu.

"To, alhamdu lillahi. Saura ai ƙasa ce."

A ranar ya buɗe ɗakin ɗansa da ke aiki a Katsina, ya ce Mardiya da yara su shiga. Can suke har yanzu. Tukunya ɗaya suke yi da Inna Indo, yaran sun yi ƙiba, kaji suna yawo tsakanin gidajen biyu ba tare da neman rariya ba. Mutumin kuwa ya koma kwana a Safana, a ɗakin wani abokin aikinsa. Babu gona, babu gidan zama. Yana aiko da cefane, amma ba ya son shiga lungun da rana.

Ya 'yan uwa, me ya rushe gidan nan? Masu gini za su ce an ɗora rufi a kan tsohuwar katanga, an liƙe ƙasa da siminti, an hana ruwa hanya. Gaskiya ne, kuma duk mai shirin gyara ya riƙe wannan. Amma kafin siminti akwai zuciya. Ya ɗauka cutar da ya tura bayan katanga ta bar gidansa, alhali katangar ɗaya ce. Addininmu ya girmama haƙƙin maƙwabci, bai kuma ware ruwan sama daga cikinsa ba. Sahun gaba ba ya goge wahalar tsohuwar da ke kwasar ruwa saboda kai. Ku lura kuma da abin da ya fitar da yaran daga ƙarƙashin bangon: bokitin da uwarsu ta ɗauka domin taya maƙwabciya.

Kafin ka zuba yashi a ƙofar gidanka, shiga gidan maƙwabcinka ka tambaye shi ta ina ruwansa yake bi, ta ina iska take shigar masa, wace taga ce za ta leƙa matansa. Tambayar ba ta cin ko buhu ɗaya na siminti.

Da kaka ta yi, Baba Sammani ya sa aka buga tubali, aka jera su a bakin inda katangar take. Ya aika wa mutumin cewa aikin ɗora ta ya ɗauke masa, abu ɗaya kawai yake so ya zo da kansa ya nuna: inda za a bar rariya. Tubalan sun bushe. Rani ya yi nisa. Har yanzu bai zo ba.

Allah ya ba shi ikon tahowa kafin ruwan farko. Mu kuma Allah ya kiyaye mu daga gina jin daɗinmu a kan wahalar na kusa da mu. Amin.