Hoton Baba da Ya Fito a Kwance

Akwai wani mai shagon wanke hotuna da buga takardu, wanda 'yan layinsu ke kira Ba-Gyara. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Duk wanda ya dawo masa da aiki ya ce akwai kuskure, amsa ɗaya yake samu: "Aikina ba gyara." Ya iya aiki, wannan ba a musu. Halinsa ne matsalar.

Wata ranar Talata da hantsi, wata mata mai ɗinki ta shigo shagon tana haki, guntun zare maƙale a gefen mayafinta. Mahaifinta tsoho ne, yana fama da ciwon mantuwa da ciwon suga. Tun jiya da safe ya fita, bai dawo ba, kuma maganinsa na gida.

"Malam, don Allah takardar cigiya nake so, guda hamsin," in ji ta. "Ga hoton Baba a wayata, ga lambata."

Ba-Gyara na tsakiyar haɗa hotunan wani attajiri da ya buɗe sabon kanti, kuma yana waya da mutumin suna dariya. Ya karɓi wayarta ko kallonta bai yi ba. Ya tura hoton cikin kwamfuta, ya jefa shi a gurbin da ke tsakiyar takardar, ya danna bugawa.

To jama'a, ga inda matsalar take. Lokacin da ta ɗauki hoton, wayar ta adana shi a kwance, sannan ta sa masa wata alama ta ciki mai cewa a miƙar da shi in za a nuna. Wayarta na karanta alamar, shi ya sa take ganinsa daidai. Manhajar da yake bugawa da ita tsohuwa ce, ba ta karantawa. Sai hoton ya fito a kwance, gurbin ya yanke shi. Abin da ya rage a takardar kunne ɗaya ne, da gefen hula, da rabin gemu.

Matar ta zaro ɗaya ta duba.

"Malam, ya fito a kwance. Fuskar ma ba ta fito ba."

"Haka kika ɗauko shi."

"A wayata a tsaye yake, wallahi. Duba ka gani."

"Ke, baiwar Allah, ɗinki kika iya ko hoto? Na taɓa zuwa na koya miki yankan riga?"

"Ban ce ba ka iya ba. Roƙonka nake. Wa zai gane shi a haka?"

"Wanda ya damu ya karkata kansa ya duba," in ji shi. Wasu mutum biyu da ke jiran aikinsu suka yi dariya.

Shagon da ke da injin bugawa bayan nasa yana da nisa, rana na tafiya, Baba kuma bai sha magani ba. Ta kwashi takardun ta fita. Ita da ƙanenta suka bi tituna suna liƙawa a jikin turakun wuta da katangu. Ɗaya ma a turken da ke ƙofar shagon Ba-Gyara aka liƙa ta.

Washegari da azahar, wani tsoho ya zo ya zauna a kan dakalin shagon. Rigarsa ta yi datti, takalminsa ƙafa ɗaya, leɓunansa sun bushe. Ba wani ba ne, mahaifin matar ne. Yana zaune, takardar cigiyarsa na saman kansa, mutane na wucewa. Wasu sun kalli takardar, sun kalle shi, ba abin da ya haɗa su a idonsu.

Ba-Gyara ya leƙo.

"Baba, nan ba wurin zama ba ne. Ka tare min ƙofa. Yi gaba."

Tsohon ya dafa bango ya miƙe da ƙyar, ya bi titi yana jan ƙafa.

Sai ranar Juma'a masu aikin gini suka tsince shi kwance a wani kango bayan tasha. An kai shi asibiti da sauran numfashi, amma bai kai la'asar ba.

Bayan mako guda matar ta dawo shagon. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba ya rasu," ta ce. "Ba faɗa na zo ba. Hoton nan shi kaɗai gare mu na kwanan nan. Mahaifiyarmu ke so a wanke mata guda ɗaya. Don Allah wannan karon a tsaye."

Ba-Gyara ya juya ga kwamfutarsa. Ya buɗe hoton, ya juya shi, ya sake adana shi da sabon suna yadda kowace na'ura za ta gan shi a miƙe. Aikin bai ɗauke shi minti ɗaya ba.

Fuskar ta cika allon kwamfutar. Ya kalle ta, ya sake kallo. Hannunsa ya saki linzamin kwamfutar.

"Malam, lafiya?"

Yana iya yin shiru, ba wanda zai taɓa sani. Amma bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Ya zo nan. Ranar Laraba. Ya zauna a kan dakalin can, na kore shi."

Ta juya ta dubi dakalin, ta daɗe.

"Ka ba shi ruwa?"

"A'a."

"Ya ce wani abu?"

Ba-Gyara ya sunkuyar da kai. "Ya ce 'yarsa yake jira, wai ita za ta zo ta kai shi gida."

Matar ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta jira injin ya fitar da hoton, ta ɗauka ta rungume shi a ƙirji.

"Ki yafe min, don girman Allah."

"Ban san abin da zan ce maka ba," in ji ta. "Yau dai ba zan iya ba."

Ta fita, amma ba ta tafi ba. Ta zauna a kan dakalin, a daidai inda ya nuna mata, tana kuka ba sauti. Masu kawo aiki suka riƙa zuwa, suna tambayar abin da ya faru. Maƙwabcinsa mai gyaran waya, wanda ya ji komai ta taga, yana faɗa musu, su kuma suna juyawa da takardunsu a hannu.

Ba-Gyara na tsaye a ciki yana kallon bayanta har rana ta karkata. Ya ɗebo ruwa a kofi zai kai mata, ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa ƙarasawa.

Darasi: Aikin da kake gani ƙarami ne a hannunka, wataƙila ran wani ne ke rataye a kansa. In an nuna maka kuskure, ka duba kafin ka kare kanka, domin girman kai na minti ɗaya kan jawo nadamar da ba ta ƙarewa. Ku tura wa duk wanda jama'a ke zuwa wurinsa da buƙata, ko Allah zai sa wani ya tsaya ya saurara.