Tagar Gabas ta Hasumiyar Kan Dutse

Ku matso, yara. Dalilin da ya sa hasumiyar kan dutsen nan take da taga uku a buɗe, ta gabas kuwa a liƙe da laka, shi zan gaya muku. Da can duk huɗun a buɗe suke.

A zamanin mahara, mai tsaronta wani ne Jatau. Daga can sama yana ganin gari bakwai, da kogi siriri kamar zare, da gonaki har inda ido ya gaji. Dokar garin ɗaya ce: in ya hango mahara ya buga ganga, da jin ganga a rufe ƙofar gari. Wanda ke waje, sai Allah.

Wata rana da hantsi ya leƙa gabas, sai ya ga tsuntsaye sun tashi daga kurmi gaba ɗaya, tsinin mashi na ƙyalli a ƙarƙashinsu. Ya ɗauki makaɗi ke nan, idonsa ya faɗa kan hanyar gona. Ga matarsa Ladidi da damin itace a ka, tana tafe a hankali, ba ta san komai ba.

Hannunsa ya ƙi motsi.

Barmo, Sarkin Ƙofa, ya ɗago murya daga gindin dutse: "Jatau! Me ya tashi tsuntsaye?"

"Shanu ne, ranka ya daɗe."

"Shanun uban wa? Faɗi gaskiya!"

"Mahara ne. Amma Ladidi na waje. Bari ta kai tsamiyar can."

"Ba zan bari ba!"

"To ka rufe rabi, ka bar mata rabi."

"Ko kaza ba za ta wuce ba. Buga, kada ka kashe mu duka!"

Ladidi ta tsaya gyara gammo. Dawakai suka fito fili. Jatau ya runtse ido ya buga.

Ta yar da itacen ta sheƙa da gudu, ƙofa ta rufe a gabanta. Kafin mahara su sure ta, ta ɗago kai ta dubi tagar nan.

Gari ya tsira. Amma kullum da hantsi, in Jatau ya leƙa gabas, sai ya gan ta tafe da itacenta, ba ta isowa. Wanda ya gaje shi ma ya gan ta, ya sauko a guje. Sai aka kwaɓa laka aka toshe.

Shi ya sa har yau, in kun hau kallo, ku ƙoshi da taga uku. Kada wanda ya ƙwaƙule lakar nan. Tana nan tafe.