Kalilu da Mutum-mutumin Roba

Akwai wani bawan Allah mai suna Kalilu, mutumin Kano, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana aikin agajin gaggawa a motar asibiti. In hatsari ya faru a titin Zariya, sau da yawa shi ne farkon wanda zai durƙusa a kan kwalta. 'Yan unguwa suna ce masa Likita, shi kuwa bai taɓa gyara musu ba. Sunan yana masa daɗi, gaskiya.

Da matarsa Mubina ta samu tallafin karatun digiri na uku a Malesiya, sai ya tattara ya bi ta. Suka kama ɗan gida a hawa na tara a unguwar Taman Melati, inda in ka leƙa ta taga za ka hango duwatsu sun lulluɓe da gajimare.

Mubina ta fita jami'a, Kalilu ya ja kujera bakin tagar nan. Wajen la'asar ruwa yakan sauko, gari ya yi fari fat, jirgin ƙasa na LRT ya wuce a kan gadarsa ta saman bishiyoyi a hankali. Can ƙasa motar asibiti ta ratsa da jiniya, sai ya ga kansa a cikinta, ga shi sanye da safar hannu, ga hanya tana buɗewa. Sai ya farga ya tarar shayinsa ya huce. Kewar aikinsa ta dame shi ƙwarai.

Bayan wata huɗu, wani kamfani mai zaman kansa da ke da motocin asibiti ya ce zai ɗauke shi, har ya nema masa izinin aiki. Amma da sharaɗi. Satifiket ɗinsa na gida bai isa ba, sai ya ci jarrabawar aiki a wata cibiyar horo da ke unguwar Cheras. Dama biyu aka ba shi. In ya faɗi sau biyu, gurbin ya zama na wani.

Kalilu ya yi dariya. Ai ya taɓa sauya takarda. Lokacin da ya taso daga Jigawa ya koma Kano, wasiƙa ɗaya ya kai ofis, aka gaisa, aka buga hatimi, shi ke nan. Littafin da cibiyar ta ba shi ma bai buɗe ba, sai dai ya ɗora kofin shayi a kai.

Ranar jarrabawa aka shimfiɗa masa mutum-mutumin roba a ƙasa. Mai jarrabawar wata 'yar Malesiya ce, Puan Khaulah, wato Malama Khaulah, siririya mai tabarau, wadda da ganinta ba ta kai shi shekaru ba.

Ya durƙusa. Hannunsa ya tuna komai. Ya duba, ya danna ƙirji, ya hura iska, ya juya robar a kan gefenta, duk cikin tsabta, ko tari bai yi ba. Ya miƙe yana jiran yabo.

Takardar hannun Puan Khaulah fara ce tas.

"Encik Kalilu," ta ce, wato Malam Kalilu, "ka duba ko wurin yana da haɗari?"

"Na duba mana."

"Ka ga ba ya numfashi?"

"Shi ya sa na danna."

"Wa ka aika ya kira mota? Wa ka aika ya ɗauko na'urar farfaɗo da zuciya? Ban ji komai ba. Abin da ba ka faɗa ba, ba zan rubuta ba."

Ya faɗi jarrabawar.

To ni dai ban ga laifinsa duka ba. A inda ya koyi aiki, shiru shi ne gwaninta. Ka kuskura ka ce "ba ya numfashi" a gaban dangi, kafin ka rufe baki mata sun fasa kuka, maza sun ɗauki salati, babu mai ba ka wurin aiki. Ga kuma direbansa Hambali, wanda suka shekara tara tare, da ido kawai suke magana. Laifin Kalilu ɗaya ne, ya ɗauka duniya duka titin Zariya ce.

Ya dawo gida yana huci.

"Yarinya ƙarama! Roba fa, Mubina. Ni da na ɗauki mutane da jini har gwiwar hannu, wai in zauna ina hira da roba?"

Mubina ta ajiye masa abincin da ta sayo a ƙunshe daga mamak, gidan abincin unguwa, ta zauna a gefensa.

"Likita," ta ce, tana danne murmushi, "hannunka babu mai musu. Amma Hambali yana Kano. A nan wa zai karanta idonka?"

Kwana shida yana fushi, yana kallon ruwan sama. A rana ta bakwai ya ɗaga kofin shayi daga kan littafin, ya goge zoben da kofin ya bari, ya buɗe shafi na farko.

Daga nan gidan ya koma wani iri. Matashin kai ya zama majinyaci. Kalilu ya durƙusa a gabansa yana magana da Turanci haɗe da ɗan Malayancin da ya tsinta a kedai, wato kantunan unguwa: wurin lafiya yake, sunana Kalilu, na iya agajin gaggawa, wannan mutum ba ya numfashi, kai kira mota. Da farko kunya ta hana shi ɗaga murya, ko da yake daga shi sai labule. A hankali maganar ta zauna masa a baki kamar karatun allo.

Wani lokaci yana cikin ƙirga dannawa, ruwa na dukan taga, sai ya ji kamar ɗakin yana tafiya, kamar bayan mota yake, ana keta gari da shi. Mubina ta sha dawowa ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta, tana sauraron mijinta yana lallashin matashi. Tausayinsa yakan kama ta, amma ba ta taɓa katse shi ba.

Ranar dama ta biyu aka sa masa ƙarfe biyu na rana. Ya fito tun sha biyu da rabi, da farar riga a goge.

Yana dab da matakalar tashar jirgi sai wani dattijo ɗan asalin Sin, riƙe da ledar kayan miya, ya tsaya cak, ya dafe ƙirji, ya sulale ƙasa. Tumatir ya watse a kan titi. Mutane suka yi da'ira, kowa yana kallon kowa.

Kalilu bai san lokacin da ya durƙusa ba. Ya fara ɓalle maɓallan rigar dattijon. Nan take wani ƙaƙƙarfan mutum mai hular kwano ya damƙi kafaɗarsa ta baya, yana magana da faɗa. Me zai gani? Baƙon mutum, baƙar fata, yana laluba ƙirjin tsoho, bai ce wa kowa komai ba.

Sai bakin Kalilu ya buɗe da kansa.

"Sunana Kalilu! Na iya agajin gaggawa! Wannan mutum ba ya numfashi!"

Hannun da ke kafaɗarsa ya saki.

"Kai mai hula, kira 999, yanzu! Ke mai jan mayafi, tolong, don Allah, ɗauko na'urar farfaɗo da zuciya! Ku ja baya!"

Suka watse da gudu kowa ya nufi aikinsa. Kalilu yana dannawa yana ƙirgawa da ƙarfi, har wasu a cikin taron suka kama ƙirga tare da shi, kowa da yarensa. Na'ura ta iso. Ya manna wa dattijon ita, ya ce kowa ya janye hannu, aka janye, ta buga masa lantarki. A zagaye na uku dattijon ya ja wani dogon numfashi mai gurnani. Mai hular kwano ya zauna a ƙasa daɓas yana share fuska.

Motar asibiti ta daɗe ba ta iso ba. Da ta tafi da dattijon, ƙarfe biyu ta wuce da kwata.

Ya isa Cheras wajen uku da rabi, riga jiƙe da gumi, gwiwoyin wando sun yi baƙi ƙirin. Ya ba Puan Khaulah labari. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta gyara tabarau.

"Ka kyauta, Encik Kalilu. Amma ban ga wannan ba, kuma ba a ba da satifiket a bakin titi. Akwai mutum biyar a gabanka. In za ka jira su gama, zan gwada ka."

Kalilun wata biyu da suka wuce da ya juya ya fita. Wannan kuwa ya ce, "Zan jira." Ya zauna a benci tare da yara masu shekara ashirin.

Ƙarfe biyar da rabi aka kira shi. Ya durƙusa a gaban robar nan da ya raina, ya gaya mata sunansa, ya faɗi duk abin da ya gani da duk abin da zai yi, ɗaya bayan ɗaya. Alƙalamin Puan Khaulah bai huta ba.

Da ya gama, ta juya masa takardar, cike take har ƙasa.

"Boleh, ka ci," ta ce. "Ranar Litinin ka zo ka karɓi satifiket."

Ya fita barandar cibiyar ya kira Mubina. Ta ɗauka tana cewa, "Yaya? Yaya aka yi?" Shi kuwa kuka ya ci ƙarfinsa, sai da ya daɗe kafin ya iya ce mata, "Alhamdulillahi."

Darasi: Duk iyawarka, in ka je wurin da ba a san ka ba, ka sauke girman kai ka koyi yadda suke yi. Dokar da kake gani raini ce, wataƙila ita za ta ceci rai a hannunka gobe. Ku tura wa duk wani ɗan'uwa da ke fara rayuwa daga tushe a wata ƙasa, ko Allah Ya sa ya ƙara haƙuri.