Ruwan Maraba a Birnin Tudu

Lantana ƙawata, ajiye tankaɗen nan, matso kusa ki ji.

A zamanin da, an yi wasu ƙasashe biyu masu gaba da juna, Tudu da Gangare. Wata shekara fatake suka kawo wa Sarkin Gangare labari mai tsinka zuciya: maƙeran Tudu sun haƙo wani koren dutse suna dafa shi a rami. Da suka gwada ɗan guntu a daji, sama ta yi fari fat, itatuwa suka zama toka, ciyawa ba ta sake tsirowa ba.

Sarki ya dubi wazirinsa Jatau ya ce, "Je ka. Ko dai su binne dutsen nan, ko a buga tambarin yaƙi."

Jatau ya hau doki. Ya san ranar da aka buga tambari, a kan jikokinsa dutsen zai sauka.

Da ya isa fadar Tudu, aka shimfiɗa masa buzu, amma ba a kawo ruwan maraba ba. Ya zauna, ya zauna. Ya ce a ransa, baƙon da aka hana ruwa, an gama shawarar kashe shi. Ya kama salati a hankali. Can sai ga ɗan ƙoƙo, ko rabi bai kai ba. Ya kurɓa, sai ya ji ɗanɗanon jar lakar kogin Gangare, ruwan da ya girma a kansa. Ya ɗaga ido: dogarai leɓunansu a tsattsage, gashinsu ya zube wuri-wuri.

Sarkin Tudu ya daka tsawa: "Ka gaya wa ubangidanka, ranar da na ga dama, ba za a sami mai binne wani a Gangare ba!"

Jatau ya nemi a keɓe. Da suka rage su biyu, ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan garinmu na sha. Ina rijiyoyinku?"

Sarki ya ce, "Dutsen ya kashe su. A ɓoye muke ɗebo naku, ba ya isa, talakawa na shan gubar rijiya. Autata ba ta iya miƙewa. Waziri, in na binne shi ku cinye mu, in na riƙe shi ya cinye mu."

"Zan durƙusa gaban jama'a in roƙe ka, kowa ya ce tausayinmu ka ji. Malamanmu su tsaya a binne shi a idonsu, mu kuma mu haƙo muku hanyar ruwa daga kogi."

"In ubangidanka ya saɓa fa?"

Jatau ya ce, "Ina nan zaune, ina shan abin da talakawanka ke sha, har ruwa ya iso."

Haka aka yi. Aka binne dutsen a wani kwazazzabo, aka rantse ba za a nuna wurin ba. Ruwa ya iso Tudu, autar sarki ta miƙe, tambari bai yi ƙara ba. Amma kafin nan gemun Jatau ya zube, har jikokinsa ba su gane shi ba da ya koma gida. Allah Ya jiƙan bawansa.

Don Allah, Lantana, ki bar shi tsakaninmu, kada ki gaya wa kowa. Tsorona kada wani ya ji, ya ɗauki fartanya ya tafi neman kwazazzabon.