Zabo da Jami'ar Kan Dutse

An yi wani Zabo a dajin Marke, mai son a san da zamansa. Ko ruwa zai sha sai ya waiga ya ga ko ana kallonsa. Maƙwabciyarsa Fakara ce, ita kuwa ba ta taka wuri sai ta yi tambaya a kansa. Tare suka gama sakandare, kuma jami'o'i biyu suka ba su gurbin karatu.

Ta farko tana kan wani dogon dutse, Mikiya ke shugabantarta. Babu tsuntsun da bai san sunanta ba. A can ana koyar da tashi sama, da karanta iska, da hangen nesa, amma duk shekara sai ɗalibi ya kai rumbun hatsi sukutum.

Ta biyu tana bakin fadama, a hannun wani tsohon Jinjimi. Azuzuwanta bukkokin ciyawa ne. Ana koyar da neman ruwa da rani, da hanyoyin daji, da magunguna, kuma kwandon gero ya isa kuɗin makaranta.

"Ni dai Kan Dutse za ni," in ji Zabo. "Ke ma na san can kika nufa."

"Fadama za ni," in ji Fakara.

"Fadama? Cikin taɓo da kwaɗi? In aka tambaye ki inda kika yi karatu, da wane baki za ki faɗa?"

"Na je na tambayi waɗanda suka gama Kan Dutse. Shirwa ta samu aiki, Shaho ya samu aiki. Dukkansu masu dogon fiffike ne. Kai ka taɓa jin zabon da ya gama can ya ci abinci da karatunsa?"

"To ni zan zama na farko. Hassada ce ke damunki."

"Fiffikenka nake kallo, ba kai ba," in ji Fakara, ta yi tafiyarta.

A gida uwar Zabo ta yi masa magana. "Ɗan nan, rumbun nan shi ke ciyar da mu. In ka kwashe shi, ƙannenka fa?"

"Inna, ki yi haƙuri na ɗan lokaci. In na dawo da sunan Kan Dutse, rumbu goma zan cika miki."

Ta ba shi. Shekara na zagayowa ta sake ba shi. Ƙannensa suka bar makaranta suka koma tonon gara.

A Kan Dutse Zabo bai yi wasa ba. Ya haddace sunayen iska duka. Ranar jarrabawar tashi kuwa, daga ƙolin dutsen ake sakin ɗalibai, su buɗe fiffike iska ta ɗauke su. Daga wannan tsawo ko kaza ma za ta yi shawagi. Zabo ya ci jarrabawa, aka sanya masa jan zobe a ƙafa, alamar ya gama.

Da ya dawo, ya tarar tsuntsayen dajin Marke na neman mai tsaro, wanda zai riƙa tashi sama yana hango musu wutar daji. Burtu, dattijon dajin, ya ga jan zoben nan sai ya gyara tsayuwa.

"Ɗan Kan Dutse ne," ya ce. "Ba sai an gwada shi ba."

Zabo ya samu aikin, yana tafe yana ɗaga ƙafa don zoben ya fito. Fakara kuwa tuni ta gama nata karatun, tana bin gidaje tana duba marasa lafiya, tana nuna wa tsuntsaye inda za su tona su sami ruwa.

Wata rana da rani hayaƙi ya turnuƙe dajin. Tsuntsaye suka taru gindin marke, kowa na rungume da 'ya'yansa.

"Zabo, tashi ka gano mana ta ina take zuwa," in ji Burtu.

Zabo ya buga fiffike. Amma a nan babu dutsen da za a sake shi daga kai. Da ƙyar ya kai reshen marke na sama, ya sauka yana haki. Bai ga komai ba sai hayaƙi.

"Me ka gani?" Burtu ya tambaya daga ƙasa.

Zabo ya ji kunyar ya ce bai gani ba. "Daga gabas take," ya ce. "Ku yi yamma."

"Ba daga gabas take ba," in ji Fakara. "Ku dubi ɓeraye da ƙadangaru, daga yamma suke gudowa. Mu bi kwari mu faɗa rafi."

"Ke 'yar bukkar ciyawa za ki gyara mini magana?" in ji Zabo.

Wasu suka bi Fakara. Da yawa suka bi maganar mai zobe, har da uwarsa da ƙannensa. Ba su yi nisa ba suka yi kiciɓis da wutar, suka juyo a guje, wasu da ƙonannun gashi. Fakara ce ta dawo ta tare su a bakin kwari, ta ja su zuwa rafi. Ba a rasa rai ba, amma sai da ta yi makonni tana shafa wa uwar Zabo magani a ƙafa.

Burtu ya kira Zabo gaban kowa. "Da ka ce ba ka gani ba, da mun nemi wata dabara. Ka ajiye aikin." Aka ba Shirwa, ita ma 'yar Kan Dutse, kuma ta riƙe shi da kyau.

Da damina ta faɗi, Zabo ya ɗauki kwandon gero ya gangara fadama. Jinjimi ya dube shi ya ce, "Me ka iya?"

"Sunayen iska, Malam."

"Za su yi maka amfani wata rana. Shiga ajin farko."

Zabo ya shiga bukkar ciyawa, ya zauna a baya tare da 'yan tsaki.

Darasin wannan labari shi ne, kada ka zaɓi makaranta don sunanta kawai. Ka dubi abin da ake koyarwa ko ya dace da kai, ka dubi ƙarfin gidanku, ka tambayi inda waɗanda suka gama suka ƙare. Kuma in ba ka san abu ba, ka ce ba ka sani ba.