Karen da Aka Kwance a Jirgin Fito

Akwai wani mutum a Bur Sa'id mai suna Midhat, yana da wani ƙaton kare, Simsim, wanda yake ji da shi fiye da yadda yake ji da 'yan'uwansa.

Wata Juma'a ya shiga jirgin fito da shi, za su tsallaka zuwa garin Bur Fu'ad. Jirgi ya cika da motoci da masu tafiya masallaci, kowa ya sha fararen kaya.

Wani dattijo, Baba Subhi, yana dogare da sanda mai lanƙwasa, ya janye rigarsa ya ce, "Ɗana, riƙe shi da kyau. Alwala gare ni."

Midhat ya yi dariya. "Alhaji, karen nan ya fi wasu wanka. Muryata ma ta ishe shi."

Don ya nuna isa, sai ya kwance igiyar wuyan karen gaba ɗaya.

To, kun san halinmu mu mutanen Bur Sa'id. Jirgi na tashi, kowa ya fito da gurasa yana jefa wa tsuntsayen teku. Tsuntsaye suka yo ca a baya, wajen ƙofar ƙarfen da motoci ke hawa. Simsim ya zabura.

"Simsim, zauna!"

Ina! Ya yi tsalle ya bi tsuntsu, sai ji aka yi tsundum.

Ihu ya tashi. Kare na ta iyo yana bin jirgi, daidai inda farfela ke tafasa ruwa, ga wani jirgin kaya ya doso. Midhat, wanda bai iya ruwa ba, ya daskare.

"A kashe inji!" Baba Subhi ne ya daka tsawa. Mutane suka ɗauka baki ɗaya, har matuƙi ya ji ya kashe.

Dattijon ya kwanta rub-da-ciki a kan ƙofar ƙarfen, cikin baƙin mai da dauɗar taya. "Kai, mai murya, riƙe mini ƙafa!"

Midhat ya durƙusa ya riƙe. Baba Subhi ya miƙa sanda, ta zame. Kan Simsim ya nutse, ya sake ɓullowa. Dattijon ya ƙara miƙawa, lanƙwasar ta kama abin wuyan karen. Aka taru aka ja.

Da fitowar Simsim, ya girgije ruwa a jikin dattijon, ya lashe masa fuska tas.

Midhat ya ce, "Baba, rigarka... alwalarka..."

"Ruwa bai ƙare a masallaci ba," in ji Baba Subhi. Ya tsinci igiyar ya damƙa masa. "Ungo. Ɗaure shi, ka haɗa da bakinka."

Darasi: In an roƙe ka abu kaɗan, ka yi, kada ka mayar da shi abin ba'a. Wanda ka raina da safe, ƙila shi zai kwanta a dauɗa dominka kafin azahar. Ku tura wa duk mai jin muryarsa ta isa, ko ba shi da kare.