Hoton Da Maharazu Ya Haɗa

Akwai wani mai ɗaukar hoto a Jibiya da ake ce wa Maharazu. Shagonsa na bakin tasha, inda motocin Maraɗi ke sauke kaya. Zamanin da kuɗin fetur ya shigo ƙasa ne, kowa na son a gan shi da abin duniya.

Allah ya ba Maharazu hannu. Yakan ɗauki fim ɗin hoto, ya sa siririn burushi da jan fenti, ya bi gefen mutum a hankali yana shafe duk abin da ke kewaye da shi, har ya rage mutumin kaɗai. Sai ya wanke shi a kan wani hoton. Ɗan dako da ko keke bai da shi, sai ka gan shi jingine da sabuwar mota.

Wannan ya sa kansa ya kumbura. Har yakan ce babu wanda ba zai iya ajiyewa inda ya ga dama ba.

Wata rana wani direban Maraɗi mai suna Usman ya zo karɓar hotonsa. Da ya duba sai ya yi dariya a gaban mutane, ya ce an mai da masa hanci kamar na raƙumi. Wasa yake yi, amma Maharazu ya ƙullace shi.

Cikin fim ɗin da ya ajiye akwai na Luba, matar Lado mahauci, wanda ya ɗauka ranar suna tana zaune kusa da innarta Nagoggo. Maharazu ya shafe tsohuwar, ya ɗora Usman a wurinta, kafaɗarsa na gugar ta Luba.

Da safe ya kai wa 'yan teburin mai shayi hoton don a yi dariya. Hoton ya bar hannunsa, wannan ya miƙa wa wancan, kafin azahar ya isa rumfar mahauta.

Maharazu na tsaye a ƙofar shagonsa ya hango Lado tafe da wuƙar fawa. Usman na ɗaure kaya a bayan mota, bai ankara ba sai jin sara ya yi a kafaɗa. Ya juyo ya tare da hannu, Lado ya ƙara masa.

"Mi na yi maka, bawan Allah?" in ji Usman, jini na bin rigarsa.

'Yan dakon Maraɗi suka ɗebo ƙarafa, mahauta suka fito da wuƙaƙe. Aka farfasa kawuna, aka cinna wa rumfuna wuta, mata masu fura suka watsar da ƙore suka gudu. Maharazu ya san kalma ɗaya daga bakinsa za ta tsayar da faɗan. Sai ya koma ciki ya datse ƙofa.

Lado ya wuce gida, ya doki Luba har ya zubar mata da haƙora, ya sake ta nan take.

Da Nagoggo ta ji dalili, ta ciro nata hoton na ranar sunan daga bango, ta nufi tasha babu ko takalmi. Ta ɗaga shi sama a tsakiyar mutane.

"Ku duba da kyau. Wanga wuri ni ce zaune, ba wani namiji ba. Ga zanen nan, ga tabarmar nan."

Babu wanda ya tambayi aikin wa ne. Aka ɓalle ƙofar shagon, aka jawo Maharazu a ƙasa yana rantsuwa wasa ne. Maɗugu, yayan Usman, ya danne hannunsa na dama a kan dutse, ya dinga sauke masa ƙarfen canjin taya har yatsun suka dagargaje. 'Yan sanda ne suka ƙwace shi da kyar.

Usman ya rayu, amma hannunsa ya shanye, bai sake riƙe sitiyari ba. Lado da Maɗugu suka tafi gidan yari. Luba ta koma Daddara wajen iyayenta, ko sunan Jibiya ba ta son ji.

Shi kuwa Maharazu, da ya warke ya gwada ɗaukar burushi, ya faɗo daga hannunsa. Har ya tsufa, da hagu yake cin tuwo, kuma shi kaɗai.

Darasi: Baiwar da Allah ya ba ka amana ce, kada ka mai da ita makamin ramuwa. Kai kuma da aka nuna maka hoto, bincika kafin ka ɗaga hannu ko ka miƙa wa na gaba. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila ya hana wani ɓata sunan wani.